"Obahed": Kuɗin Da Ke Fita Ko An Yi Ciniki Ko Ba A Yi Ba

Duk ɗan kasuwar da ke cin kasuwannin bakin iyaka, ko Ƙwanni da Illela ne, ko Ɗan Isa da Jibiya, ko Matamaye da Mai'aduwa, ko Dungas da Maigatari, ya san ba kaya kaɗai ke tsallake iyaka ba, har da kalmomi. Ta wannan hanya ce kamasho da rasit da sito da balas suka shigo bakinmu daga Ingilishi, suka zauna daram tare da duwan da patanti da mangaza da muka samo daga Faransanci, har yau ba mai jin su baƙi. To, akwai wata kalmar Ingilishi da ke yawan faɗowa cikin zancen abokan hulɗarmu na Nijeriya, wadda har yanzu ba ta gama zama ƴar gida ba. A rubuce "overhead" ce, a bakin mutanenmu kuwa "obahed".

Za ka ji ta a bakin manajan kamfani a Kano in ka nemi ragi, ya ce maka ba hali, obahed ya yi masu yawa. Za ka ji ta a ofishin gwamnati in ka kai kaya bashi ka koma karɓar kuɗinka, a ce ka yi haƙuri, obahed bai fito ba. Za ka gan ta cikin takardun da banki ke neman mai son rance ya kawo. Da yawa daga cikinmu sukan gyaɗa kai su wuce, wasu na zaton wani sabon haraji ne, wasu kuma na zaton rabon manya ne aka sakaya sunansa. Ko ɗaya ba haka ba ne. Abin da kalmar ke nufi yana nan cikin kowace rumfa da kowane shago, har da teburin mai shayi, kuma rashin lissafa shi ya karya ƴan kasuwa da dama waɗanda suka yi ta ganin ciniki na tafiya alhali jari na zurarewa.

Asalin kalmar

Kalmomi biyu ne aka haɗa. "Over" na nufin bisa ko sama, "head" kuma kai. Ke nan ma'anarta ta fari ita ce abin da ke bisa kai. Da wannan ma'ana masu jin Ingilishi ke kiran gadar sama, da tankin ruwan da ake ɗorawa kan ƙarafa, da wayoyin lantarkin da ke bin turaku. Wanda ya taɓa zuwa sayen tankin roba a Kano ko Sakkwato ya riga ya ji kalmar ta wannan fuska.

Shigarta harkar kuɗi kuwa daga masana'antu ne. Masu lissafin masana'antu sun daɗe suna raba kuɗin da ake kashewa gida biyu. Kashi na farko shi ne wanda za a iya nunawa a jikin kayan, kamar audugar da ta shiga cikin turmin atamfa, da rinin da aka sa, da ladan wanda ya tsaya kan injin. Kashi na biyu shi ne wanda ba ya cikin turmi ko ɗaya, amma in ba shi ba za a saƙa ko ƙyalle ba, kamar hayar ginin, da fitilun da ke ci, da albashin mai gadi da na magatakarda. A farkon ƙarni na 20 aka fara kiran wannan kashi na biyu da sunan da muke magana a kai. Misalinsa kamar rufin rumfa ne, yana bisa kan duk kayan da ke ƙasa, yana kare su daga rana da ruwa, amma ba za ka ce na wannan buhu ne ban da wancan ba.

Mutanen Ingila sukan ƙara mata harafin "s" a ƙarshe, su ce "overheads", mutanen Amurka kuma su bar ta haka nan. A takardun Nijeriya an fi rubuta "overhead cost". Duk ɗaya ne. Wanda ya yi lakkol a nan gida ya san ta da sunan "frais généraux", kuma in ya faɗi haka ga mai yi masa lissafi a Maraɗi ko Damagaram nan take zai gane.

Kada a haɗa ta da ƴan'uwanta. "Expenses" duk wani kuɗin da ya fita ne, kowane iri. "Cost price" ita ce uwar kuɗi, abin da kaya suka tsaya maka. "Capital" shi ne jari. Obahed kuwa yanki ne kawai daga cikin abin da ke fita, wato yankin da ke riƙe da harkar a tsaye.

Kalma ɗaya, baki uku

Abin da ke rikita mutane shi ne, abin da ɗan kasuwa ke nufi da ita ya ɗan sha bamban da abin da ma'aikacin gwamnati ke nufi.

A bakin ɗan kasuwa da mai kamfani, obahed ya ƙunshi haya, da wuta, da ruwa, da waya, da gadi, da lasisi, da gyare-gyare, da kuma albashin ma'aikatan da ake biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba. In manaja ya ce maka obahed ya yi masa yawa, yana gaya maka ne cewa tsakanin yadda kayan suka tsaya masa da yadda yake sayar maka akwai bakuna da yawa da ke jiran rabo kafin ya kai ga tasa riba. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, mai yiwuwa kuma salon ciniki ne. Amsar da ta fi tasiri a kansa ita ce ka ƙara yawan kayan da za ka ɗauka, ko ka biya lakadan, don dalilin da za mu gani a gaba.

A bakin gwamnatin Nijeriya kuwa, ta tarayya da ta jihohi, kasafin kowace ma'aikata yana da manyan aljihu uku: na albashin ma'aikata, na obahed, da na manyan ayyuka irin su gine-gine da hanyoyi. A nan albashi ba ya cikin obahed, aljihunsa daban. Obahed shi ne kuɗin takardu da tawada, da man janareto, da tafiye-tafiye, da gyaran motoci, da biyan wuta da ruwa, kuma akan sake shi ne kashi-kashi cikin shekara. Saboda haka ɗan kasuwar da ya kai wa ofis takarda ko gas ko kayan shara, daga wannan aljihu za a biya shi. In an ce masa obahed bai fito ba, ana nufin baitulmali bai sako wa ofishin kuɗin tafiyar da shi ba tukuna, kuma ba wanda ke cikin ofishin da zai iya faɗin ranar da tabbas. Mai hankali tun kafin ya sauke kaya yake tambayar daga wane aljihu za a biya shi, kuma ko kuɗin suna ƙasa.

Baki na uku shi ne na ƴan kwangila. In ka ba da aikin ginin shago ko mangaza aka kawo maka lissafi a rubuce, bayan siminti da rodi da yashi da kuɗin magina, sau da yawa za ka ga wani layi na obahed da riba, an sa shi kashi kaza cikin ɗari. Wannan ba cuta ba ce a kan kanta, domin ɗan kwangila ma yana da ofis da mota da ma'aikata. Sai dai layi ne da ake ciniki a kansa kamar kowane.

Akwai kuma inda ba a cika amfani da kalmar ba, wato hidimar gida. Cefane da kuɗin makarantar yara da hayar gidan kwana, masu harshen ba su saba kiran su obahed ba sai da wasa. Kalmar ta sana'a ce. Wannan bambanci da Ingilishi ya yi yana da amfani gare mu, domin mu mun fi sabawa da aljihu ɗaya, inda kuɗin shago da na gida ke kwana tare.

Yadda za a gane shi

Tambaya biyu sun isa. Ta farko: in na wuni yau ban sayar da ko allura ba, zan biya wannan kuɗi? Ta biyu: zan iya nuna buhun da ko kwalin da wannan kuɗi ya hau kansa? In amsar farko i ce, ta biyu kuma a'a, to obahed ne.

Mu gwada. Kuɗin sayen buhun masara a Dawanau, uwar kuɗi ce. Kuɗin dako na lodi da saukewa, da kuɗin mota da ake yankewa kan kowane buhu, da la'adar dillali, da abin da duwan ke karɓa gwargwadon kaya, duk suna bin buhu ne, in ba buhu ba su, saboda haka sai a tara su kan uwar kuɗi. Amma hayar mangaza, ko cike take ko wayam, mai ita zai zo ƙarshen wata. Patanti ba ruwanta da ko damina ta yi kyau. Tikitin kasuwa da ma'aikacin magajin gari ke yanka maka da safe bai jira ya ga cinikinka ba. Mai gadi yana kwana bakin ƙofa ko buhu 10 ne a ciki ko 1,000.

Ba dole ne obahed ya tsaya cak ba. Mai sayar da ƙanƙara da lemo yakan biya wuta da yawa a watan Afrilu fiye da lokacin sanyi, kuɗin waya ma yakan ƙaru lokacin kaka da ciniki ke zafi. Duk da haka ba za ka raba su ka ce wannan na kwalba kaza ne ba, don haka suna nan cikin sahu.

Wanda ba shi da shago ma bai tsira ba. Ɗan kasuwar da ke cin Ƙwanni ran Laraba, ya ci Illela ran Lahadi, ko mai zuwa Maigatari kowace Alhamis, yana da nasa obahed na tafiya: kuɗin kujerarsa a mota, da abincinsa, da masauki, da abin da ke fita a shingayen hanya wanda bai dubi yawan kaya ba. Ko akuya 3 ya kai ko 30, wannan kuɗi kusan ɗaya ne. Shi ya sa tafiya da kaya kaɗan take cinye mutum ba tare da ya ji ba.

Lissafi a aikace

Bari mu ƙaddara wani mai sayar da hatsi a ɗaya daga cikin kasuwanninmu. Alƙaluman misali ne kawai, kowa sai ya cire su ya sa nasa. Za mu yi lissafin da jikka, wato sefa 1,000.

A wata yana biyan hayar mangaza jikka 30. Yaron shago jikka 25. Rabonsa na kuɗin mai gadin layi jikka 5. Wuta jikka 7. Tikitin kasuwa sefa 200 kullum, a wata jikka 6. Patanti jikka 60 a shekara, in an raba wata 12 ya zama jikka 5. Katin waya jikka 7. Man babur da ɗan gyara jikka 15. Jimla jikka 100 cif. Wato kowace safiya, kafin ya buɗe kwaɗo, ana bin sa sama da jikka 3.

Yana sayen buhu jikka 20. Mota da dako da la'ada da sauran abin da ke bin buhu sun kama jikka 1 da rabi, buhu ya tsaya masa jikka 21 da rabi. Yana sayarwa jikka 23 da rabi. In ka tambaye shi ribarsa zai ce jikka 2 a buhu, kuma a nan kuskuren yake shigowa. Wannan jikka 2 tazara ce tsakanin saye da sayarwa, ba ta zama tasa ba sai ta biya masu bin shagon bashi.

Jikka 100 a raba da jikka 2, ya ba da 50. Ke nan buhu 50 na farko a kowane wata ba nasa ba ne, na mai mangaza ne da yaro da mai gadi da hukuma. Daga buhu na 51 ne riba ta gaskiya ke farawa. Wannan adadi, 50, shi ne abin da ya kamata ya riƙe a kai kamar yadda ya riƙe lambar wayarsa.

In ya sayar da buhu 200 a wata, tazarar ta tara jikka 400, a cire 100, saura 300. Obahed ya hau kan kowane buhu da sefa 500 kacal. In kasuwa ta yi sanyi ya sayar da 80, tazara jikka 160, saura 60, kuma kowane buhu na ɗauke da sefa 1,250. In ya sayar da 40 kawai, tazara jikka 80, ya faɗi da jikka 20, alhali ba buhu ko ɗaya da ya sayar ƙasa da yadda ya saya. Zai rantse maka bai yi asara ba, kuma a iya saninsa gaskiya ya faɗa. Daga ina jikka 20 ɗin ta fito? Daga uwar kuɗi. In aka yi wata 6 a haka, kuɗin buhu 5 da ɗoriya sun tafi, ba ɓarawo ba gobara.

Wannan lissafi ya warware abu biyu da ake yawan gardama a kansu a rumfunan kasuwa. Na farko, dalilin da ya sa babban Alhaji ke iya karya farashi ya kuma ci riba, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa in ya bi shi sai ya durƙushe. Nauyin da ke kan buhun Alhaji ya rarrabu kan dubbai, na ƙaramin kuwa ya taru kan ƴan tsiraru. Shi ne kuma dalilin da ya sa kamfani ke yi wa mai ɗaukar kaya da yawa ragi. Na biyu, ko ya fi a rufe shago in kasuwa ta mutu. Mutuminmu da ya sayar da buhu 40 ya faɗi da jikka 20, amma da rufewa ya yi, haya da patanti da gadi da haƙƙin yaro suna nan, faɗuwarsa sai ta ninka haka har sau uku. Muddin tazarar na rage wani abu daga cikin nauyin, buɗewa ta fi, sai dai in mutum ya yanke shawarar sakin wurin gaba ɗaya.

Wanda ba ya zuwa da faktir

Haya da wuta suna zuwa da takarda, ba a manta su. Mai haɗarin shi ne wanda ba ya sallama.

Na farko tsufan kayan aiki. Babur ɗin da ka saya jikka 600, in shekara 5 zai yi maka, to kowane wata yana cin jikka 10 ko bai je wurin bakanike ba. Haka firij da janareto da sikeli da tamfol. Wanda bai ware wannan kuɗi ba, ran da babur ya mutu daga jari zai zaro na sabo.

Na biyu yaran gida. A al'adar kasuwancinmu, yaro ba lallai a yanka masa albashi ba. Yana ci a gidan maigida, a ɗinka masa na Salla, a kai shi asibiti in ba shi da lafiya, in ya isa a yi masa aure, daga baya a sallame shi da jari. Wannan tsari ya tayar da manyan attajirai a Maraɗi da Kano, kuma ba mai cewa a bar shi. Amma kuɗi ne, kuma yakan zo ne a dunƙule. Maigidan da ya raba shi wata-wata a lissafinsa, ranar ɗaurin aure ba za ta girgiza shagonsa ba.

Na uku abin da ke lalacewa: hatsin da ƙwari suka huda, buhun da ɓera ya fasa, albasar da ta ruɓe, kwalin da ruwan sama ya jiƙa, atamfar da aka daina yayi. Sai bashin da ya maƙale, wanda kowane ɗan kasuwa ya san a cikin goma da wuya goma su dawo. Sai kuɗin da banki da masu tura kuɗi ta waya ke yanka, da abin da ke narkewa a hannun ƴan canji tsakanin saye da sayarwa. Kowane ɗaya ƙarami ne, amma da yayyafi kogi ke cika.

Na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa, wato wahalar mai shagon kansa, da hayar shagon da yake mallakinsa. In shagon naka ne, ka tambayi kanka nawa za a ba ka in ka sa haya. In harkar ba ta iya fitar da wannan kuɗi tare da ladan zamanka daga safe zuwa magariba, to gini ne ke ciyar da sana'ar, kai kana zaton sana'ar ce ke ciyar da kai.

Darasin bakin iyaka

Ba wanda ya kai mutanen bakin iyaka sanin ɗacin wannan kalma, ko da ba su san sunanta ba. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Illela da Maigatari ba su buɗe ba sai Disamban 2020, wata 16 ke nan. Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. A duk tsawon waɗannan watanni motoci sun tsaya, amma haya ba ta tsaya ba, yara ba su daina ci ba, mai gadi bai daina kwana ba. Waɗanda suka fi saurin karyewa su ne masu manyan mangazu da motoci da ma'aikata da ba su da wani tanadi a gefe. Mai ɗan tebur da ba a bin sa komai ya fi su numfashi.

A wancan lokaci na 2023 kuma Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ita ce mafi yawan wutar da ƙasar ke amfani da ita a lokacin. Mai firij da mai injin niƙa da tela suka koma kan janareto, layin wuta a lissafinsu ya kumbura cikin dare ɗaya. A can ƙetare, janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin ƴan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Duk wanda ke hulɗa da Kano ko Katsina ya ga sakamakon a farashi, kuma ba mamaki tun daga lokacin ya ƙara jin wannan kalma a bakin masu kamfani.

Sai maganar canji, wadda ta keɓanta da mu. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656. Naira kuwa, da aka sake ta a watan Yunin 2023, dalar Amurka ɗaya ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma har ta wuce naira 1,500 a Fabrairun 2024. Ɗan kasuwar da shagonsa ke ɓangaren Nijar, yana biyan haya da patanti da sefa, amma masu sayensa da naira suke zuwa, ya wayi gari nairar da ke biyan hayarsa bara ba ta biyan rabinta bana. Mai shago bai ƙara masa ko tamma ba, amma nauyin ya ninka. Saboda haka ƙa'ida ce, a rubuta obahed da kuɗin da ake biyan sa da su, kuma duk ranar kasuwa a canza abin da zai rufe shi kafin a yi wani lissafi.

Abin yi

Mataki na farko kaye ne da biro. A ware shafi ɗaya, a jera duk abin da ke fita ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Na shekara a raba shi 12, na kullum a tara shi na wata. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa ya rubuta masa. A haɗa jimla, a raba da tazarar da ake samu kan buhu ko kwali ko turmi. Adadin da ya fito shi ne iyakar da ke tsakanin faɗuwa da riba. Mai kaya iri-iri, kamar mai kantin masarufi, sai ya duba cikin kowace jikka 10 ta ciniki nawa ke zama tazara. In jikka 1 ce, obahed ɗinsa kuma jikka 100, to sai ya yi cinikin jikka 1,000 a wata kafin ya fara cin nasa.

Mataki na biyu, a raba aljihun shago da na gida. Mai shago ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka a mako ko a wata, cefane da sauran hidima su fito daga nan. Abin da ya wuce haka, a rubuta shi bashi ne da shago ke bin maigida.

Mataki na uku, a nemi rage nauyin ta hanyar haɗa kai. Mutum uku su kama mangaza ɗaya, layi guda su ɗauki mai gadi ɗaya, masu zuwa kasuwa ɗaya su wakilta amintacce guda maimakon kowa ya biya kujera. Abin da waya za ta gama, kada a hau mota dominsa. Mangazar da ke zama wayam daga bazara zuwa kaka a ba wani haya na ɗan lokaci. Mai ƙarfi ya duba farantin hasken rana, ya kwatanta kuɗinsa da abin da yake zubawa a janareto cikin shekara 2. Amma akwai wuraren da ba a tsuke hannu, domin arha ba ta ado. Wanda ya sallami mai gadi, ko ya ƙi sayen maganin ƙwari, ko ya bar wayar wuta a kwance don gudun kuɗin gyara, ya rage jikka 5 ne ya sa jikka 5,000 cikin haɗari.

Mataki na huɗu, lokacin da kasuwa ke ci a ware abin da zai riƙe shago na aƙalla wata 3 ba tare da ciniki ba. Shekarun da muka ambata a sama sun isa hujja.

Wane suna za mu ba shi?

Hausar kasuwa tana da suna ga kusan komai: jari, uwar kuɗi, riba, faɗuwa, la'ada, gyara, kafin alƙalami. Wannan ne kawai muka bari a dunƙule cikin "ƴan kashe-kashe", kalmar da ke haɗa hayar shago da goron baƙo da kuɗin anko, ga shi kuma tana da wata ma'anar da ba ta da daɗin ji. Gidajen rediyo in suna karanta labarin kasafin kuɗi sukan ce "kuɗaɗen gudanarwa" ko "kuɗaɗen ayyukan yau da kullum", kuma sun dace da ofis. A kasuwa kuwa, a ganinmu "ɗawainiyar shago" ta fi zama a baki, domin kowane Bahaushe ya san ɗawainiya nauyi ce da ke kanka kullum, ba ta jiran ka samu. Wanda ya ga obahed ta fi masa sauƙi wajen magana da abokan hulɗarsa na ƙetare, ya riƙe ta, ai kamasho ma da baƙuwa ce.

Ko da wane suna aka kira shi, abin da muke fata shi ne kowane mai karatu, kafin ranar kasuwa mai zuwa, ya zauna ya fitar da nasa adadin, ya san buhu nawa ne na mutane, daga na nawa ne nasa ke farawa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da karayar arziki, amin.